Injin ƙyanƙyasar Hajiya a Tawa: allo na nuna 37.5, ƙwai na kwana cikin sanyi

Ranar da Hajiya ta aiko a kira ni, ƙwan zabinta ya cika kwana 30 a cikin inji. Duk mai kiwon zabi ya san lissafin: kwana 26 zuwa 28, ƴan tsaki sun fara tsaga ɓawo. Ita kuwa cikin ƙwai 90 da ta zuba, 21 kaɗai suka fito, su ma a makare, wasu cibiyarsu ba ta rufe ba, wasu ƙafa ta ƙi ɗaukarsu. Da muka fasa kaɗan daga cikin sauran a bayan gida, ba baragurbi muka tarar ba. Ƴan tsaki ne da gashinsu da bakinsu, sun mutu a cikin ɓawo. Ashe ƙwan mai rai ne, a hanya wani abu ya same shi.

Abin da ya ɗaure wa mutanen gidan kai shi ne allon injin. Safe, rana, dare, duk sa'ad da aka leƙa, 37.5 yake nunawa ko kusa da haka. Zafin da ake nema ke nan, ba ƙari ba ragi.

Ni sana'ata gyaran kayan sola ce a nan Tawa: pano, bateri, na'urar caji da makamantansu. Wanda ya ƙera injin ɗan ƙanwata ne, ɗalibi mai karatun lantarki, Hajiya kuma yayar mahaifinsa ce. Kuskuren da ya yi ba na wawa ba ne, sai wanda ya san wani abu ke iya yin irinsa. Ni ma ina da hannu a ciki, zan zo wurin.

Yadda aka haɗa injin

Gangar jikin wani tsohon firigo ce da aka cire wa kayan sanyi. A ciki akwai ampul biyu na mota, kowanne wat 21, su ke ba da ɗumi, sai ƙaramar fanka ta kwamfuta da tasar ruwa saboda laima. Ampul da fanka suna shan wuta daga babban bateri mai bolt 12, wanda pano ke cajawa daga kan rufi. Mai ba da umarni shi ne katin Arduino Uno, irin kwaikwayon nan mai araha da ake kawowa daga Sin. Ƙwaƙwalwarsa ATmega328P ce, tana gudu a megahaz 16. An jona masa ma'aunin zafi LM35, da rale mai bolt 5 wanda ke kunna ampul ya kashe, da ɗan allo mai layi biyu. Aikin katin bai taka kara ya karya ba: ya tambayi ma'auni, in zafi ya gaza 37.5 ya kunna ampul, in ya haura ya kashe, sannan ya riƙa ƙirga kwanaki.

Da farko yaron ya jona katin kai tsaye da babban baterin. A watan Mayu ne, lokacin da Tawa ke tafasa. Da rana, in pano na caji, irin wannan bateri kan kai bolt 14 da ɗoriya. Katin kuwa 5 yake so. Akwai wani ɗan abu baƙi a jikinsa, regileta, wanda ke karɓar rarar ya mayar da ita zafi. Kati da allo da rale gaba ɗaya suna jan kusan miliyamfa 140. Ninka wannan da rarar bolt kusan 9, ka sami fiye da wat 1 a kan abin da bai fi ƙwayar wake ba. Yaron ya taɓa, ya janye yatsa da sauri. Katin kuma ya shiga ɗaukewa da tsakar rana, domin regileta na kashe kansa in zafi ya yi masa yawa.

Sai ya yi tunanin da kowa zai yi: tunda 12 ta yi yawa, a rage. A gidan akwai tsohuwar fitila mai caji, a cikinta bateri mai bolt 6. Kati na son 5, ga 6, har da rara. Ya ciro shi, ya sa masa kan jonawa, ya cusa a zagayayyen ramin wuta na katin, ya bar cajar fitilar a jone da kuran na gida don baterin ya zauna a cike. Kati ya kama, koriyar fitilarsa ta haska, allo ya yi rubutu, regileta ya yi sanyi ƙalau. Zubin farko, na ƙarshen Yuni, ƙwai 60 ne, 44 suka ƙyanƙyashe. Hajiya ta yi ta sa albarka, maƙwabta biyu suka kawo nasu ƙwan a haɗa a zubi na gaba.

Abin da ya canza

A jikin injin babu abin da ya canza. Gari ne ya canza. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, a farkon Agusta kuma Najeriya ta tsinke wutar da take turowa, wadda a lokacin ita ce kaso mafi girma na abin da ƙasar ke sha. Ɗaukewar kuran ta awa ɗaya ko biyu da aka saba ta koma ta yini ko ta dare sukutum. Zubi na biyu ya faɗo daidai wannan lokaci, kuma damina ce, in an yi ruwa da yamma dare kan yi sanyi.

Ba wanda ya damu, don ai ampul ba a kan kuran suke ba, kati ma yana da baterinsa. Hajiya ce ta fara jin wani abu. Mace ce da ta shekara arba'in tana sa wa kaza mai kwanci ƙwan zabi, hannunta ya san ɗumin ƙwai. Ta ce wa yaron in ta tashi sallar asuba ta taɓa, ba ta jin ɗumin ƙarƙashin kaza. Ta kuma ce rubutun allon kan dusashe da dare, sai ta kawo tocila ta karkata kai kafin ta karanta.

Yaron bai yi sakaci ba. Ya zo da kwamfutarsa har cikin dare ana tsakiyar ɗauke wuta, ya jona wayar USB, ya zauna yana kallon lambobi suna gangarowa. Komai daidai. Allo ya yi haske tar, ampul suka kama, cikin firigo ya yi ɗumi. Ya tattara ya tafi gida yana cewa a ransa Goggo ta tsufa. Da ta sake yin magana, ya canza LM35 da sabo. Ya sake canzawa karo na biyu. Zargi ya koma kan matar ƙauyen da ta sayar da ƙwan, baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba. Wata safiya kuma, a wurin da allo ke nuna kwana 17, sai ga shi ya rubuta kwana 255. Hajiya ta ce masa, "Ɗan nan, zabi na zuba ko mace mai ciki?" Ya gyara lambar da hannu, aka ci gaba.

Da na zo, bayan gaisuwa da jaje, ya tare ni tun a zaure.

"Kawu, wallahi babu abin da ban auna ba. Bateri 6.3, ma'auni sabo, lissafin da na rubuta na bi shi layi-layi."

"Ka ɗora mita a kan ƙafar katin da aka rubuta wa 5V?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa. "Ai wannan 5 ce, Kawu. A rubuce take."

Gwajin da muka yi a gaban Hajiya

Da la'asar ce, an yi sa'a akwai kuran. Muka kwashe sauran ƙwan, muka cire wayar ampul, muka bar ƙofar firigo a buɗe har cikinsa ya daidaita da ɗaki. Na rataye ma'aunin zafi na gilashi kusa da LM35. Gilashi ya ce 31, allo ya ce 31. Mita a kan ƙafar 5V ta ce 5.0, a kan bateri kuma 6.9, don caja na aiki.

Sai na ce wa yaron ya zare caja daga bango, kowa ya zuba wa allo ido.

Ba a yi minti ashirin ba bateri ya sauka zuwa 6.35. Ƙafar da "a rubuce take" ta koma 4.6. Allo kuwa ya hau 33.7. Babu ampul, babu rana, ƙofa a buɗe, gilashi na nan a 31 bai motsa ba. Muka sha shayi, muka yi magariba, muka dawo. Baterin tsoho ne, ya riga ya gaji tun yana cikin fitila: ya kai 6.05, ƙafar ta koma 4.3, allo na cewa 36, rubutun ya fara dusashewa kamar yadda Hajiya ta faɗa. Ta ce, "To ni dai ban yi lakkol ba, amma na ga abin nan ƙarya yake yi." A wannan daren muka rufe firigon babu ƙwai, muka mayar da ampul, muka bar caja a zare. Da asuba allo na kan 37.5 daram, gilashi na cewa 31 da ɗan kai.

Inda bolt ɗin ya tafi

Wutar da ta shiga ta zagayayyen ramin Uno ba ta isa ƙwaƙwalwa sai ta bi ta hannun dillalai biyu, kowanne da la'adarsa. Na farko diyod ne, an sa shi don ya kare kati in mutum ya juya waya, yana cire kusan bolt 0.7. Na biyu regileta ne, NCP1117 a katin asali, AMS1117 a galibin na kwaikwayo. Shi ba ya iya ba da 5 cikakkiya sai abin da ya shigo masa ya fi 5 da kusan bolt 1 ko ɗan fiye. In bai samu ba, ba ya kashewa, ba ya yin ƙara. Sai kawai ya cire la'adarsa ya miƙa abin da ya rage.

Lissafin ke nan da muka gani a mita. Caja na aiki: 6.9, a cire 0.7, a cire 1 da ɗan kai, saura abin da ya isa 5 da ƙyar. Shi ya sa zubin farko ya yi kyau, don a Yuli kuran bai cika daɗewa a ɗauke ba. Caja ta tsaya: 6.35 ta zama 4.6, 6.05 ta zama 4.3, in dare ya yi nisa bateri ya kai 5.6, abin da ke isa ƙwaƙwalwa bai kai 4 ba.

Maƙeran Arduino ba su ɓoye wannan ba. A takardar Uno akwai layi biyu: wanda suka ba da shawara, bolt 7 zuwa 12, da iyakar ƙarshe, 6 zuwa 20. Sun kuma yi gargaɗi cewa ƙasa da 7 ƙafar 5V na iya gazawa, kati ya rasa natsuwa. Yaron ya ga layin biyu, ya ɗauki na biyun a matsayin izini. Ni a ganina wannan 6 ɗin tarko ce ga mai koyo. Ko ta ƙafar Vin aka shigar da ita, inda babu diyod a hanya, a bakin gaɓa take. Ta zagayayyen rami kuwa ba ta isa ba sam. Ga shi kuma baterin da aka rubuta wa 6 ba a 6 yake zaune ba: a cike yana wajen 6.3 ko 6.4, in ya ƙare yana wajen 5.25.

Tiyar da ta ƙanƙance

Saura tambayar da ta fi cin rai: in wuta ta ragu, me ya sa lamba ta hau?

LM35 abu ne mai gaskiya. Kowane digiri ɗaya yana fitar da milibolt 10, don haka 37.5 a wurinsa bolt 0.375 ne, ko an ba shi 5 ko an ba shi 4.3. Ƙwaƙwalwar kati ce ba ta san bolt ba. Abin da ta iya shi ne kwatantawa. Tana ɗaukar wutar da ita kanta take sha, ta raba ta gida 1024, sannan ta faɗi gida nawa abin da ma'auni ya turo ya cika. In wutar 5 ce, 0.375 na cika gida 77. A lissafin da yaron ya rubuta, kamar yadda kusan kowane mai koyo ke rubutawa, an ninka adadin gidajen da 5.0, lambar da aka kafe da hannu. Wato abin da katin ke nema a kullum shi ne gida 77, shi ne 37.5 a wurinsa.

Na yi wa Hajiya misali da awon gero. Ka aiki yaro ya auno maka tiya 77. A hanya wani ya musanya masa tiyar da ƙarama. Yaron zai ƙirga 77 cif, ya rantse maka, kuma bai yi ƙarya ba, amma buhun ba zai cika ba. Haka katin ya yi. Da wutarsa ta koma 4.6, gidajen suka ƙanƙance, gida 77 ya zama digiri 34.5 na gaskiya. A 4.3 ya zama 32.3. A 4.0 ya zama 30. Yana isa 77 sai ya kashe ampul, ya rubuta 37.5 a allo da zuciya ɗaya. Allon ba zai taɓa tona asiri ba, don da tiya ɗaya ake awo ake kuma ba da rahoto.

Ƙwai na jure ɗan sanyi, kaza ma tana tashi daga kwanci ta je ta yi kiwo ta dawo. Abin da ba ya jurewa shi ne awa takwas ko goma a digiri 32 zuwa 34, dare bayan dare, har mako huɗu. Girman ɗan tsako na tafiyar hawainiya, ƙyanƙyasa ta makara, masu rauni su mutu a ɓawo. Abin da muka gani a bayan gida ke nan.

Batun kwamfutar yaron kuwa, shi ya fi ba ni tausayi. A jikin Uno akwai ɗan da'irar da ke zaɓen inda za a sha wuta. Tana duba abin da ya wuce diyod: in ya haura bolt 6.6 sai ta toshe hanyar USB, in bai kai ba sai ta buɗe. Da baterin fitila bai taɓa kaiwa ba. Saboda haka duk lokacin da ya jona kwamfuta don ya kama ɓarawo, kwamfutar ce ke ba katin 5 cikakkiya, tiya ta koma daidai, ampul su kama. Yana zare waya ya fita, ciwon ya dawo. Kayan binciken ne ke warkar da majinyacin na ɗan lokaci.

Me ya hana katin mutuwa kawai?

Da ya mutu da an huta. Hajiya za ta ga allo baƙi, ta kira yaro, a gano a daren farko. Amma ATmega328P na da taurin rai. Takardarta ta ce tana aiki daga bolt 1.8 zuwa 5.5, sai dai gudu na bin ƙarfin wuta: megahaz 4 a 1.8, megahaz 10 a 2.7, megahaz 20 a 4.5. In ka ja layi tsakanin biyun ƙarshe, megahaz 16 na Uno na buƙatar kusan 3.8. A cikinta akwai mai gadi, BOD, wanda ke tsayar da komai in wuta ta faɗi, amma a Uno an saita shi a 2.7. Tsakanin 5 da 2.7 fili ne babba, kuma a cikinsa kayan ba sa faɗuwa tare, ɗaya bayan ɗaya suke zamewa. Awo ne ke fara karkacewa, tun daga ragin farko. Sai hasken rubutun allo. A ƙasa da 4, LM35 kansa ya fita daga iyakar da maƙeransa suka ba shi. Wajen 3.8 ƙwaƙwalwa ta shiga gudun da ba a lamunce mata ba, kuma a nan ne rale ke fara gardama, don irin wannan ana ba da tabbacin kamawarsa ne daga kashi 75 cikin 100 na bolt 5, wato 3.75. Ga shi duk sa'ad da ya kama yana jan kusan miliyamfa 70, ya ƙara danne wutar. Duk wannan na faruwa koriyar fitila na haske abinta.

Kwana 255 ma daga nan ya fito. Katin na ajiye ƙirgen kwanaki a wata ƴar ma'ajiya, EEPROM, wadda ba ta mantuwa in an kashe. Kafin a rubuta sabuwar lamba ana fara share tsohuwa, gurbin da aka share kuma 255 yake karantuwa. Takardar ƙwaƙwalwar na da sashe guda a kan lalacewar wannan ma'ajiya in an yi rubutu da raunanniyar wuta. Alama ce babba, aka gyara ta da hannu aka wuce.

Yanzu nawa laifin. A watan Mayu yaron ya kira ni a waya ina kan rufin wani gida, ya ce, "Kawu, bateri mai 6 zai kunna Arduino?" Na ce zai kunna. Kuma ya kunna ɗin. Ban tambaye shi me zai auna da shi ba, ban tambayi ta wace ƙofa zai shigar da wutar ba. Da fitilu zai riƙa kunnawa da kashewa don nuna wa abokai, da har yau yana aiki. Na faɗa wa Hajiya haka a gabansa, don na ga nauyin ya yi masa yawa.

Gyara

Iyakar Nijar da Najeriya a rufe take a lokacin, kayan da kan shigo ta Ƙwanni sun tsaya, don haka da abin da ke hannu muka yi aiki. A ranar muka cire baterin fitila. Na kawo cajar waya ta mota, irin wadda ake cusawa a ramin kunna sigari, muka jona ta da babban bateri, muka ba katin wuta ta USB. Irin wannan caja ba ƙona rara take yi ba, sassara wutar take yi, don haka ba ta zafi kamar regileta, kuma daga bolt 11 har 14 abin da take fitarwa na nan wajen 5. Daga baya na maye ta da ɗan katin rage wuta, LM2596, da nake da shi a shago, na murɗa shi zuwa 7.5 da mita kafin a jona, muka shigar ta zagayayyen rami. Na fi son haka, don diyod na nan yana gadi, regileta na da abin da ya ishe shi, rarar da yake ƙonawa kuma ba ta kai rabin wat ba.

Wannan ya gyara wuta, amma ban yarda a bar tiyar a hannun wuta ba. A cikin ƙwaƙwalwar akwai wani ma'auni nata na kanta, mai bolt 1.1, wanda ba ya bin hawa da saukar bateri. Layi ɗaya ne, umarnin analogReference, ke juya awo zuwa kansa. Sai dai 1.1 ɗin suna ne, daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙwaƙwalwa yana iya zama 1.0 har 1.2. Muka auna namu a ƙafar AREF, inda wannan ma'auni ke fitowa a jikin kati, muka sami 1.08, yaron ya sa wannan a lissafi. Riba ta biyu ta biyo baya: a da kowane gida kusan rabin digiri ne, yanzu kusan kashi ɗaya cikin goma. Ga mai iya samu, ma'aunin DS18B20 ya fi sauƙi, don shi lamba yake turowa a shirye kuma yana aiki daga bolt 3 zuwa 5.5. Mu ba mu da shi a watan.

Abu na uku yaron ne ya kawo, ba ni ba. Ya ciro resista biyu daga wata matacciyar rediyo, mai kilo 10 da mai 2.2, ya rage ƙafar 5V da su zuwa kusan 0.9, ya ba katin ya riƙa auna wutar kansa da sabuwar tiya. In ta gaza 4.8, ƴar ƙararrawa ta yi kuka, allo ya rubuta WUTA TA RAGU, kuma a daina taɓa ma'ajiyar kwanaki. Mun yi muhawara a kan ɗaga mai gadin nan daga 2.7 zuwa 4.3, abin da ake iya yi da na'urar da ke canza saitin cikin ƙwaƙwalwa. Shi yana so. Ni na ce a aikin da ba mai rai a ciki, e. A nan kuwa kati mai kashe kansa yana tashi cikin dare na nufin ampul a kashe, gara wanda ke ci gaba da awo daidai yana ihu a zo. Ya bi ra'ayina, ban tabbata ya gamsu ba.

Ba cewa nake ba a taɓa sauka ƙasa da 7. Ana yi, in an shirya. Akwai katin Pro Mini mai bolt 3.3 da ke gudu a megahaz 8, an yi shi ne don irin wannan zama. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗauki katin da aka gina lissafinsa a kan 5, a ba shi 4 da wani abu, a ci gaba da gaskata lambobinsa. Ɗalibai masu ɗan baterin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9, da masu jera batir huɗu na rediyo, duk wannan ramin ke jiransu, bambancin kawai su ba su zuba ƙwan maƙwabta ba.

Maƙwabtan biyu Hajiya ta biya su da ƴan tsaki daga cikin waɗanda suka rayu, ta hana yaron ya sa ko dala. Matar ƙauyen ta aika mata da goro da sabulu, ba ta faɗi dalili ba. Zubi na uku ya shiga a tsakiyar Satumba, ƙwan zabi ya fara wuya, 40 kawai aka samu. A kwana na 27 da hantsi aka ji kukan farko, kafin dare na 28 an kwashe 31. Baterin mai 6 ya koma cikin fitilarsa, yana ba da haske na kusan awa ɗaya. Ma'aunin gilashi kuwa Hajiya ta ƙi mayar mini da shi. Ta ɗaure shi da zare a cikin firigo, kowace asuba shi take fara dubawa kafin ta kalli allo.